Kashi Sittin da Ɗaya

Ƙarfe ɗaya na dare a Bur Sudan.
Fanka na juya iska mai gishiri,
shayina ya huce har ƙuda ya raina shi.
Ni da allon kwamfuta muna kallon-kallo.

Can Maiwurno, a gaɓar Nilu,
a ɗakin bayan asibiti, kusa da katan-katan na ruwan ƙari,
akwai uwar garke, baƙar akwati mai tari,
ta haɗiye sunan duk wanda aka taɓa ɗibar wa jini:
masu hawan jini, masu sikila,
jariran da aka auna suna tsala ihu a kan sikeli.
Kwafi ɗaya tak. In ta faɗi, ta faɗi da su.

Aikina in kwaso su nan,
ta wata hanya da ta fi ƙofar allura ƙunci.

Da rana ba a magana, sabis na masu gaisuwa ne.
Sai gari ya yi barci nake sa guga.
In matse kaya, in ɗaure, in yanka gunduwa-gunduwa,
in ce wa na'ura: kar ki ɗauko abin da muka riga muka ɗauka,
abin da ya sauya kaɗai.
Ta ce to. Ta ce saura awa tara.
Ta ce goma sha huɗu.
Ta yi shiru kamar wanda ake bi bashi.

Kakata Ladidi ta sha faɗa mana
a ƙafa iyayenta suka taso daga yamma, za su Makka.
Inda guzuri ya ƙare, nan ake yin gona,
a girbe, a ɗaura, a ci gaba daga inda aka tsaya.
Wasu sun kai. Mu ne waɗanda suka maƙale a hanya
har hanyar ta zama gida.
To ni wa zan yi wa ƙorafin jinkiri?

Hamsin da takwas.
Sittin.
Tururuwa ma da ƙwaya ɗai-ɗai take kwashe rumbu.
Sittin da ɗaya,
sai layi ya sandare.

Waya ta yi ƙara. Ɗantani ne, mai gadi,
muryarsa na zuwa a kakkarye:
"Injiniya... man janareta... ɗan kaɗan...
an kawo mai naƙuda...
ungozoma ta ce fitila... da abin ɗumama jariri...
akwatinki ko su."

Dare goma sha biyu ina bin wannan lamba.
Allah ya gani, sai da na yi jim.
Jim ɗin nan har yau ina jin kunyarsa.

Na ce, kashe ta, Baba. Danna maɓallin a hankali,
kar ka fizge waya.

Allo ya rubuto da ja: an rasa haɗi.
Na fita baranda. Jiragen ruwa na jere a tasha,
su ma jira suke, da fitilunsu.
Na wanke kofi. Na sake wanke shi.

Bayan asuba rana ta hau farantan sola,
uwar garke ta yi gyaran murya.
Na ce mata, daga inda muka tsaya.
Ta lalubi kayanta, ta ƙirga, ta ce akwai sabo:
layi ɗaya, bai kai nauyin numfashi ba.
Mace. Kilo biyu da ɗigo bakwai.
Gurbin suna fayau, sai ranar bakwai.

Ita ta fara isowa.
Ta tsallake Sinnar, ta tsallake duwatsu,
ta riga tsofaffin fayiloli shiga rumbu.

Sauran na tafe a ƙafa.
Sittin da biyu.
Na ɗora wani shayin.